Tarwaɗar Baba a Tafkin Abzin

Ko zan kai shekarun kakata a duniya, ba zan manta da abin da ya faru a wani tafki cikin duwatsun Abzin ba, shekarar da mijin yayata ya bi mu hutu. An sha ce mini in bar zancen tunda ya wuce. Na gwada, ya ƙi baruwa. Har yau in na ji ƙamshin kifin banda a kasuwa sai in sauya layi.

Mu ƴan Agadas ne, a unguwar Dagmanet aka haife mu. Baba ƙaramin ɗan kasuwa ne, yana hawa duwatsu ya sayo albasa da tafarnuwa da lemu wurin masu garka, wato lambu, ya sauko da su gari. A wannan yawon ya yi aboki a wani ƙauye da ke maƙale tsakanin duwatsu biyu. Ba'abzine ne, dogo, siriri, maganarsa ba ta da yawa, kullum fuskarsa cikin rawani. Mu yara Baban Dutse muke ce masa. Tun suna samari suke tare da Baba, in ɗaya ya yi haihuwa ɗayan ne ke fara ji.

Sama da ƙauyen akwai tafki a cikin kwarmin dutse. Damina ce ke cika shi, dutsen kuma ya riƙe ruwan har wata damina ta zagayo. Nan mutane ke sha, nan awaki da raƙuma ke sha, kuma ɗan abin da ke tsatsowa daga gare shi ne ke ciyar da rijiyoyin garake da ke ƙasa. Aibinsa ɗaya a da, matsattsaku. Raƙumi ya sha ruwa, ɗaya daga cikinsu ya maƙale masa a maƙogwaro, ya yi ta zubar da jini yana ramewa, yara ma ba su tsira ba. Tun ba a haife ni ba, wata rana Baba yana dawowa daga garin Tabalak mai babban tafki ya taho da ƙananan tarwaɗa cikin rabin tano, wato durom, da ruwa, ya ɗora a jaki ya hau da su, ya zuba a tafkin. Mutanen dutse ba sa cin kifi, ƙyamarsa ma suke yi, don haka dariya suka yi masa. Amma tarwaɗar nan ta hayayyafa ta cinye matsattsaku, dariya ta koma godiya.

Baba bai tara dukiya ba, bai gina bene ba, ko Makka bai samu zuwa ba. Wannan kifin shi ne abin da yake jin ya yi wa duniya. Baban Dutse ma har ya ware masa wuri a gefen garkarsa, suka yi shawara in ƙarfi ya ƙare Baba ya yi ɗaki a can, su tsufa tare suna shan shayi. Inna tana yi masa tsiya wai zai bar gari ya je gadin kifi, shi kuwa ko a jikinsa.

Kowace shekara, in damina ta ɗauke kafin a koma lakwal, wato makaranta, Baba kan yi hayar mota kat-kat mai hawa dutse ya kwashe mu mu je mu yi ƴan kwanaki. Wannan ne hutunmu, kuma ban taɓa jin ƙyashin ƴaƴan masu kuɗi da ake kaiwa Yamai ba. Mu yi iyo a ɓangaren da dabbobi ke sha, mu hau duwatsu, mu ci rumman har haƙoranmu su mutu. Baba kuma ya zauna kan wani falalen dutse da ƙugiyarsa da ɗan ƙullin tuwo, ya yi ta jira. Dokar wurin sananniya ce ko da ba wanda ya taɓa faɗin ta da ƙarfi: ƙugiya kaɗai, kuma abin da za a ci a ranar kaɗai. Inna ta soya can nesa, inda iska ba za ta kai wa masu gida ƙarni ba. Baban Dutse ya zauna daga gefe yana kallon mu, yana girgiza kai wai mutane da hankalinsu suna cin macijin ruwa.

Sai ga shekarar da Yaya ta yi aure. Mijinta mutumin bakin kogi ne, daga wajen Gaya, ya zo arewa haƙar zinariya, Allah ya ba shi. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kyauta, yana da fara'a, in ya shigo gida sai kowa ya sani. Amma irin mutanen nan ne da suke ganin duk abin da ba a kulle ba to ba shi da mai shi. Ni da shi kuwa wasa ne tsakaninmu, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanwar matarsa. Ya ce mini amarya, in ce masa tsoho mai ƙurar rami, in kwashe masa takalmi in ɓoye, ya ce sai ya sake ni. Ina da shekaruna a lokacin, na kusa gama karatun koyarwa, amma in mun haɗu kamar yara muke. Da ya ji zancen tafiyar ya ce ba wata haya, motarsa za a shiga. Kowa ya yi murna, har da ni.

Mun isa da hantsi. Ruwan ya cika fal, kore shar, ana ganin tarwaɗa suna kai da kawo a ƙasa, wasu sun kai tsawon hannun babban mutum. Mijin Yaya ya tsaya a baki ya riƙe ƙugu, ya kasa rufe baki.

"La'ilaha illallahu! Wanga duk kifi ne? Kuma ba mai ci?"

Na ce masa, "Akwai mai ci mana. Ga Baba can da ƙugiyarsa."

Ya dubi Baba a kan falalen dutsensa, ya rage murya saboda kunyar suruki, ya ce, "Ƙugiya? Amarya, mu da munka tashi bakin kogi, wanga aikin ƴan yara ne. Ina da yaran aiki can daji cikin ramin zinariya, rabonsu da kifi tun barin su gida. In na kai masu banda buhu guda ai sai su ɗauke ni a ka."

Na ɗauka cika baki ne irin nasa. Ashe a bayan motar nan da muka zauna ciki tun daga Agadas, ƙarƙashin taya, akwai ragowar dinamit ɗin da suke fasa dutse da shi a wurin haƙa. Bayan azahar ya fito da shi a tsumma yana nuna mini da Yaya, wai jifa ɗaya kifin zai taso da kansa, haka suke yi a kogi in ba idon hukuma.

Abin da ya biyo baya shi ne ke ci mini rai har yau, domin ba wanda bai san abin ba daidai ba ne, kuma kowa ya hana, amma kowa da irin hanin da al'ada ta yarje masa.

Mijin Yaya ya fara zuwa wurin mai gida, don ya san ladabi gwargwado. Baban Dutse yana zaune gindin wata ƙaya yana dafa shayi. Ina kusa ina wanke kofuna, na ji komai. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya bayyana masa abin da yake so ya yi, har da kwatance da hannu. Baban Dutse bai ɗago ba. Ya kama amawalin rawaninsa ya ja shi sama har ƙarƙashin idanu, ya daɗe yana kallon butar shayi, sannan ya ce, "Kai baƙonmu ne." Duk wanda ya tashi a Agadas ya san me wannan ke nufi. Ba'abzine mai mutunci ba ya ce wa baƙo a'a a fuska, in ya rufe baki haka ya kawar da kai to ya gama hana ka, sauran ya rage ga hankalinka. Mijin Yaya kuwa maraba ya ji. Ya tashi yana godiya, har yana cewa zai ajiye masa kaso, mutumin da ko taɓa kifi ba ya yi.

Na ruga na gaya wa Baba. Na ga fuskarsa ta sauya, ya naɗe zaren ƙugiyar. Amma Yaya ƴar fari ce, ko sunanta Baba ba ya faɗa, balle ya tsaya gaban mijinta ya ce masa kul. Tun da aka yi auren gaisuwa ce kaɗai ke haɗa su, ita ma kowa na kallon ƙasa. Sai ya kira Inna ya ce, "Ki gaya wa yarinyar nan ta gaya wa mutumin nan kada ya kuskura. Dutsen nan ba ya son girgiza." Inna ita ma kunyar ƴar fari take, ta je ta tsaya bayan Yaya tana gyaran murhu, ta ce kamar da murhun take, "Babanku fa ba ya son abin nan." Yaya kuma amarya ce, ba ta son ta fara aure da gardama. Ta je ta ce wa mijinta, "Baba ya ce a bi a hankali." Shi kuwa ya ce ta gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa, wannan ai sana'arsa ce. Ina tsaye ina kallon maganar Baba tana ƙanƙancewa daga baki zuwa baki, har ta isa ba komai a cikinta.

Saura ni. A duk wurin ni kaɗai ce aka yarje wa in faɗa masa magana gatsau, kuma na faɗa. Na bi shi har bakin ruwa na sha gabansa.

"Wallahi kada ka jefa abin nan. Baba ya hana, mai wurin ma ya hana."

"Mai wurin? Yanzu na baro shi, ya ce ni baƙonsu ne."

"Hana ka ya yi! Haka suke hani!"

Ya bushe da dariya. "Amarya, tsoro kike ji? Toshe kunnenki. Kan babban kifin naki ne, ke za ki fara ci."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ke ce ba ki wasa? Tun yaushe?"

Hawaye suka zo mini don haushi, shi kuma ya tafa hannu wai na iya shiri, har da kuka. Na kai hannu zan fizge tsumman, ya ɗaga shi sama yana zagaya ni kamar yadda muke yi da takalminsa. Ban taɓa jin tsanar wasa irin ta ranar ba. Bakin da aka ba ni izinin buɗewa, an riga an yanke cewa duk abin da ya fito daga cikinsa raha ne.

Na koma da gudu na ce wa Baba saƙonsa bai isa ba, kuma ni ba a ji tawa. Baba ya miƙe ya sa takalmansa. Shi da kansa zai je. Na san abin da wannan ya ci masa, dattijo zai keta abin da aka raine shi a kai. Yana tafiya yana tsayawa, ina jin yana shirya kalmomin da zai faɗa ba tare da ya ci fuskar suruki ba. Bai kai rabin hanya ba ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafafunmu.

Ƙarar ba ta yi tsanani yadda na zata ba, wani irin dum ne mai nauyi da ya shiga ciki, sai duwatsun suka yi ta maimaita shi. Ruwa ya tashi sama ya zubo. Awaki suka watse, wasu mata da suka zo ɗiban ruwa suka yar da tuluna suna salati, tsakuwa ta yi ta gangarowa daga sama. Da ruwan ya lafa sai ga su suna tasowa, fararen cikinsu a sama, manya da ƙanana, har da ƴan mitsi-mitsin da ba su kai yatsa ba. Fuskar tafkin duk ta rufe. Mijin Yaya yana cikin ruwa har ƙugu yana ihu a kawo buhuna. Baba yana tsaye inda ƙarar ta same shi, ƙugiyarsa a hannu.

Baban Dutse ya iso ba gaggawa. Ko kallon kifin bai yi ba. Ya zagaya ta gefen da dutsen ya fi tsayi, ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya daɗe haka. Sannan ya ɗauki wata farar tsakuwa ya ajiye ta daidai inda ruwa ya tsaya, rabinta a ciki rabinta a waje, ya koma wurin shayinsa. A lokacin ban gane ba. Ni kifin Baba nake wa kuka, ban san kifin ne ƙaramar asara ba.

Kafin rana ta faɗi tsakuwar ta bushe, ruwa ya janye ya bar ta. Washegari da safe muka ga yashi ya jiƙe a ƙasan dutsen ta waje, inda ba a taɓa ganin danshi ba, wani siririn ruwa yana bin ƙorama yana nutsewa. Dutsen ya tsage daga ƙasa. Mutanen ƙauyen suka taru suka yi cirko-cirko, ba mai magana da ƙarfi, sai dai kowa ya dubi ruwan ya dubi Baban Dutse. Mijin Yaya, mutumin da fasa dutse ne abincinsa, ya duba ya ce, "Ai ba komai, damina za ta cika shi." Kuma bai yi ƙarya ba. Kowace shekara damina tana cika shi, kafin sanyi ya wuce ya tsiyaye tas.

Ba wanda ya ci kifin nan a cikinmu. Inna ta hana tukunyarta. Mijin Yaya shi kaɗai ya haɗa wuta ya yi bandarsa, ya cika buhuna ya ɗaure a saman mota, muka sauko da warin yana bin mu har Agadas. Da za mu tashi Baban Dutse ya rako mu har bakin hanya, ya ba Baba hannu, suka yi sallamar da suka saba, ba ragi ba ƙari. Da ya zage mu ina jin da Baba ya fi samun sauƙi.

Baba ya yi ƙoƙari. Ya sayar da abin da zai sayar ya sayi siminti, ya hau da shi a jakuna lokacin da tafkin ya ƙafe, suka liƙe tsagar shi da abokinsa. Ruwa ya zo ya sami wata hanyar. Ya sake, ya sake zubewa. Wasu a ƙauyen suka ce a kai magana wurin jami'an tsaro na jandarma, Baban Dutse ya ce ba za a kai baƙonsa ƙara ba yana da rai, don haka fushin ya koma kansa, tunda shi ya jawo mu. Rijiyoyi suka ja baya, garake suka soma bushewa daga na sama zuwa na ƙasa. Masu dabbobi suka fara tashi, sannan masu garka. Wurin da aka ware wa Baba don ɗaki yana nan, ko tubali ɗaya ba a aza ba.

Bayan simintin ya ƙi, Baba bai ƙara hawa dutsen nan ba. Ya bar cinikin albasa gaba ɗaya, ya koma zaman rumfar wani yana auna hatsi. Da muka ji Baban Dutse ya sayar da awakinsa ya shigo Agadas yana gadin wani shago kusa da tasha, na ɗauka Baba zai ruga. Sai ya daina bin wannan titin. In zai je kasuwa sai ya yi dogon zagaye cikin rana, da ƙafarsa mai ciwo, don kada su haɗa ido. In na ce, "Baba, ka je mana ku gaisa," sai ya ce, "Da wace fuskar?" Shekaru suka yi ta wucewa a haka, gari ɗaya, tsofaffi biyu.

Mijin Yaya kuwa Allah ya ƙara masa buɗi. Kowace Salla ya zo ya durƙusa ya gai da Baba, Baba ya amsa yana kallon ƙasa, ya sa masa albarka. Har Baba ya koma ga Allah bai taɓa ce masa ka yi ba daidai ba. Na taɓa jin sa a wurin wani suna yana ba abokansa labarin ranar da ya kama kifi buhu-buhu a tsakiyar hamada, suna ta dariya. Tun daga tafkin nan ban ƙara yi masa wasa ba, kuma har gobe yana cewa bai san abin da ya yi wa amarya ba.

Ranar sadakar ukun Baba aka ce ana sallama da mu a zaure. Na fita da ruwa a kwano. Baban Dutse ne. Ya tsufa ƙwarai, rawaninsa ya koɗe, amma yana nan a miƙe. Ya yi mana gaisuwa, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Ya karɓi ruwan ya sha ta ƙarƙashin amawali, ya riƙe kwanon bai miƙo ba. Sai ya ce, "Ɗiyata, kullum ina ganin shi daga nesa yana kewaye ni. Na ce bari in ƙyale shi, kada in ƙara mashi nauyi, in ya shirya zai zo. Ni ban riƙe shi da komi ba. Ruwa na rasa, ban ce a haɗa mani da aboki ba." Ya miƙo kwanon, ya sa takalmansa ya fita. Na zauna a zauren nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki gawar.

Ni ba na zagin kunya, da ita aka raine ni, kuma na ga mutanen kirki biyu da ita ce adonsu. Amma na ga ta bari an fasa tafkin mutane, sannan ta raba abokai har kabari, alhali kalma ɗaya a fili da ta isa a farko, taku kaɗan zuwa bakin tasha da ya isa a ƙarshe. Abin da na koya ke nan: in ɓarna ta taho, wanda ya gan ta ya buɗe baki ya faɗa da muryar da za a ji, ko suruki ne a gabansa ko baƙo. Yanzu a danginmu ana cewa ba ni da ta ido, kuma na yarda. Gara a kira ni marar kunya ina da rai da a zo zaure a gaya wa ƴaƴana abin da ya kamata a gaya mini.